Ƙara Iska, Uwata

A durƙushe na fara kiɗa, a ƙarƙashin wani ƙaramin ogan na katako, ina danna feda biyu da tafin hannu. Ba abin da nake gani sai ƙafafun babana da ƙurar da ke yawo a hasken taga. Shekarata bakwai a lokacin, cikin 1971, a wani ƙauye arewa da Zariya inda motar kasuwa ke zuwa sau ɗaya a mako.

Irin wannan ogan ɗin ba ruwansa da lantarki. A cikinsa akwai zugazugi irin na maƙera, da jerin 'yan siraran harsunan tagulla. Mai bugawa yana taka feda da ƙafa biyu, iska ta taru, idan ya danna maɓalli sai iskar ta bi ta kan harshe ɗaya ta sa shi kuka. Baba malamin firamare ne, shi ne kuma mai ja mana waƙa a majami'a. Kurkunu ya kama shi a gwiwar dama tun yana saurayi, ciwon ya ruɓe, da ya warke sai gwiwar ta sandare. Yaran yanzu ba su san kurkunu ba, tun 2013 aka tabbatar Nijeriya ta rabu da shi, amma a ƙauyukanmu na wancan lokaci da wuya ka ga gidan da bai taɓa ba. Da ƙafa ɗaya iskar ogan takan zo a yanke a yanke, kamar mai shessheƙa. Dole sai an sa yaro a ƙasa.

Yayyena maza biyu sun riga ni yin aikin. Su kirɓa fedar suke yi kamar masu daka, waƙar murna da ta makoki duk ƙarfinsu ɗaya. Da aka zo kaina, ban san dalili ba, sai na tsinci kaina ina sauraro. Na gane idan Baba ya danna maɓallai da yawa lokaci guda ogan ɗin yana shan iska da yawa, idan ya koma murya ɗaya kuwa 'yar kaɗan ta ishe shi. Abin da ya fi wannan, daga inda nake ina jin tsofaffin matan da ke zaune a benci na gaba. A ƙarshen kowane layi sukan ja numfashi gaba ɗaya, kuma yadda suka ja shi yana gaya mini yadda layi na gaba zai fito. Idan sun ja da zurfi na san za su ɗaga murya, sai in cika zugazugin kafin su buɗe baki.

Sunan mahaifiyar Baba aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba. A watannin farko yakan sunkuyo kaɗan a tsakiyar waƙa ya ce, "Ƙara iska, Uwata." Kafin shekara ta zagayo ya daina faɗa. Wata Lahadi muna komawa gida ya ce wa Inna, ina ji, "Yau sai na manta akwai mutum a ƙasa." Ran nan ban ci abincin rana sosai ba don murna.

A 1976 na shiga sakandaren 'yan mata ta kwana. A can na fara ganin piyano, a kusurwar zauren taro, an lulluɓe shi da tsohon bargo. Malamar da ke riƙe da makullinsa 'yar Gana ce, ɗaya daga cikin malaman Gana da suka cika makarantun Nijeriya a shekarun nan. Da na danna maɓalli na farko sai na duba ƙasa ina neman inda ake hura iska. Ta buɗe mini cikinsa ta nuna mini: wayoyin ƙarfe sama da ɗari biyu a ɗaure tam, da 'yan guduma masu kan ulu, kowane maɓalli da gudumarsa. Maɓallai 88, farare 52, baƙaƙe 36. Ta ce wani Ba'italiye mai suna Bartolomeo Cristofori ne ya ƙera na farko a birnin Florence wajen shekarar 1700, kuma abin da ya sa ya yi fice shi ne yatsan mutum ne ke zaɓar ƙarfin sautin, a hankali ko da ƙarfi. Wato aikin da muke yi mu biyu da Baba, a nan hannu ɗaya ke yin sa.

Mu a majami'a da do re mi muke koyon waƙa, a rubuce da baƙaƙe a allo. Ita ta koya mini rubutun kiɗa na layi biyar mai ɗigo-ɗigo. A watan Nuwamba na shekarar ta shigo aji idonta jawur, ta ce an kashe Ayo Bankole da matarsa a Legas. Ba mu san shi ba. Ta gaya mana babban mai buga ogan ne kuma mai tsara kiɗa, ya yi karatu a Landan da Cambridge, shekararsa 41 kacal. Sai ta dube ni ta ce, "Kin san a Jos aka haife shi? Ubansa ma mai buga ogan ne a majami'a." Kafin wannan ranar ina zaton masu rubuta kiɗa duk Turawa ne da suka mutu tun tuni. Maganar nan ta zauna mini a rai.

Da na ce kiɗa zan karanta a jami'a, sai da aka yi zama a gidanmu. Mu ba gidan makaɗa ba ne, kuma a ƙasar Hausa, Musulmi ko Kirista, kowa ya san kiɗa sana'ar gado ce, wanda bai gada ba ya shiga to ya zubar da girman gidansu. Ƙanin Baba ya ce, "Yaya, kana da rai 'yarka ta zama maroƙiya?" Baba ya ce ai shi ma kiɗa yake yi duk Lahadi. Baffa ya ce, "Naka na Allah ne." Baba ya yi shiru, can ya ce, "To sai mu roƙa nata ma ya zama haka." Inna ita damuwarta wa zai auri mace mai kiɗa. A 1983 na tafi Jami'ar Nijeriya da ke Nsukka, inda aka buɗe sashen kiɗa tun farkon shekarun 1960. Shekara huɗu na yi, awa biyar zuwa shida kullum a gaban piyano, na fito na nufi Legas a 1988 ina koyarwa a wata makaranta mai zaman kanta.

Legas ta lokacin tana farfaɗowa ta fuskar irin kiɗanmu. A 1983 wasu masu sha'awarsa, ciki har da Akintola Williams, suka kafa ƙungiyar masu son kiɗa ta Nijeriya, wato MUSON, aka fara samun tarukan kiɗa a kai a kai. Ni kuma burina ɗaya ne a duniya: in zauna a dandamali ni kaɗai, sunana a saman takarda. Na karanta tarihin Clara Schumann, Bajamushiyar da ta yi kusan shekara 60 tana buga piyano a manyan zaurukan Turai, ta haifi 'ya'ya takwas, mijinta ya rasu a 1856 ta ci gaba da ciyar da gidan da yatsunta. Ita nake so in zama. Tana cikin waɗanda suka fara sabar wa mutane da buga kiɗa da ka, ba takarda a gaba, har abin ya zama ƙa'ida ga duk mai bugawa shi kaɗai.

A 1990 na samu damar. Wani ɗan zaure ne, mutane ba su kai ɗari biyu ba. Na zaɓi wani dogon kiɗan Beethoven, shahararren Bajamushe mai tsara kiɗa, wanda na shafe wata takwas ina haddacewa. Na wuce kashi na farko lafiya. A tsakiyar na biyu, a wurin da na buga sau dubu a ɗakina, sai kaina ya zama fayau. Yatsuna suka tsaya a sama. Na koma baya layi huɗu na sake tahowa, na sake kakarewa a wuri ɗaya. Na girma cikin maƙwabta Musulmi, na san mai hadda idan ya kakare akwai na bayansa da zai ɗago shi da kalma ɗaya ya ci gaba. A kan dandamalin nan ba kowa a bayana. Ina jin ƙarar fanka, ina jin wani yana gyara zama a kujera. Na tashi na fita ta ƙofar gefe.

Mako uku ban taɓa piyano ba. Na rubuta wa Baba wasiƙa na ce Baffa ya yi gaskiya, sannan na kasa kai ta gidan waya. Addu'a ma ta gagare ni, sai in durƙusa in yi shiru in tashi.

Ana nan sai wata dattijuwa ta yi sallama a ƙofar ɗakina da Hausa tsantsa, irin ta Kano. Bayarabiya ce, amma a Sabon Garin Kano aka haife ta, mahaifinta ma'aikacin jirgin ƙasa. Mawaƙiya ce mai murya ƙasa-ƙasa, mai kauri kamar zuma, ta yi karatun waƙa a Ingila tun kafin a haife ni. Tana cikin zauren ran nan. Ta zauna a bakin gadona ta ce, "'Yata, kashi na farkon nan da kika buga, na ji hannun hagunki yana sauraron na dama. Ba kowa ke da wannan ba. Ina da waƙa nan da wata guda, mai raka ni ya yi tafiya. Da takarda a gabanki za ki buga, ba mai cewa ki haddace." Na ce, "Mama, ni na bar kiɗa." Ta ce, "To ki bar shi bayan wata guda."

Ranar gwajinmu na farko ban kuskure ko ɗigo ɗaya ba. Ba mu kai rabin waƙar ba ta ɗaga hannu.

"Wa kike yi wa rakiya?"

"Ke, Mama."

"To ai kin wuce kin bar ni. A garinku mai rakiya yana riga baƙonsa isa bakin hanya? Kin ji lokacin da na ja numfashi?"

Ban ji ba. Shekara goma sha huɗu ina koyon sauraron yatsuna, na manta yadda ake sauraron mutum. Muka sake daga farko. Wannan karon na ɗauke ido daga takarda kaɗan, na kasa kunne, sai ga shi na ji: ɗan jan iska ta hanci, haƙarƙarinta ya buɗe, sannan murya. Daidai abin da tsofaffin benci na gaba suke yi. Hawaye ya zubo mini a kan maɓallai ina bugawa, ita kuma ba ta tsaya ba, ba ta tambaye ni ba, har muka kai ƙarshe.

Shekara takwas na yi ina raka ta, kuma a hannunta na san wannan aiki ilimi ne mai zaman kansa. Ta koya mini cewa sautin piyano a kan wasali yake sauka. Jamusanci yakan tara baƙaƙe uku ko huɗu kafin a kai ga wasali, saboda haka sai ka bar mawaƙi ya gama furta su tukuna, in ka yi gaggawa ka tsere masa ko da a lissafi daidai kake. Ta koya mini cewa murya mai zurfi irin tata a tsakiyar piyano take zaune, nan ne kuma piyano ya fi kauri, in ban sassauta hannu ba zan binne ta da rai. Wata rana da safe za ta ce, "Yau maƙogwarona ya kwana da sanyi, sauke mini waƙar mataki ɗaya." Ma'anarsa idona na karanta abu ɗaya, yatsuna na buga wani, daga farko har ƙarshe, a gaban jama'a. Na yi shekara biyu ina gwada wannan kowace asuba da littafin waƙoƙin majami'a kafin ya zauna.

Akwai daren da ta tsallake layi guda cur. Tsufa ya fara zuwa, ta gama baiti na biyu ta faɗa tsakiyar na uku. Kafin in yi tunani hannuna ya riga ya tsallaka ya tarye ta a can. Ba wanda ya sani a zauren. Da muka fito gaisuwa ta kama hannuna ta matse shi har ya yi zafi, fuskarta na kallon jama'a tana murmushi. Abin da na rasa a 1990, wanda zai ɗago ni, shi Allah ya mai da ni ga wata.

Ita ta shigar da ni duniyar Franz Schubert, mai tsara kiɗa, mutumin Biyana ta ƙasar Ostiriya, da ya rasu a 1828 yana da shekara 31, ya bar waƙoƙi sama da 600 na murya ɗaya da piyano. Duk mai zaton piyano a irin waƙoƙin nan ado ne kawai, bai zauna ya buga su ba. Akwai wadda ya rubuta a 1815 yana ɗan shekara 18: uba ne yake sukuwa cikin dare da ɗansa a ƙirji, yaron yana cewa wani aljani na kiransa, uban yana lallashinsa cewa hazo ne, iska ce a ganye. Mawaƙi ɗaya ke yin murya huɗu, mai ba da labari da uba da ɗa da aljanin. Dokin kuwa yana hannun daman mai piyano. Kusan minti huɗu wuyan hannunka yana dukan maɓallai uku-uku da gudu, ba hutu, tsokar hannu tana ci kamar wuta, kuma ba ka da izinin yin ƙara, don idan aljanin ya fara magana da taushin murya dole dokin ya koma can nesa alhali gudunsa bai ragu ba. A ƙarshe sun iso gida, doki ya tsaya, piyano ya yi tsit, mawaƙi ya faɗa kusan da bakin magana cewa yaron ya riga ya cika. Tsawon wannan shirun a hannuna yake. In na gajarta shi labarin bai shiga ba, in na ja shi da yawa ya huce. Ban taɓa buga ta sau biyu da shiru iri ɗaya ba, kullum daga numfashin Mama nake aunawa.

Ba zan ɓoye ba, aikin yana da ɗaci. An sha buga takardar taro da sunan mawaƙi da manyan baƙaƙe, nawa babu ko a ƙasa. An taɓa ba ni kashi ɗaya cikin goma na abin da aka ba wani mawaƙi da na kwana uku ina koya masa waƙarsa. Na yi kuka a motar haya ba sau ɗaya ba. Amma mu ma a gida haka muke yi, ba ma lura. Wa bai san Shata ba? A cikin masu jin waƙarsa, mutum nawa za su iya kawo sunan masu kalangun da ke bayansa, waɗanda in suka saki hannu waƙar ta zube? Mama ce ta ba ni wani kaset na Gerald Moore, Baturen Ingila da ya ƙare rayuwarsa yana raka manyan mawaƙa, kuma ya yi ta rubutu da lacca don a san darajar aikin. A 1967 aka yi masa taron ban kwana a Landan, manyan mawaƙa uku na zamanin, Dietrich Fischer-Dieskau da Elisabeth Schwarzkopf da Victoria de los Ángeles, suka zo suka yi waƙa don girmama shi. A ƙarshe ya zauna shi kaɗai ya buga wata 'yar gajeriyar waƙar Schubert. Kaset ɗin na saurara har zarensa ya tsinke na ɗaure da salatif.

Mama ta rasu a 1998. Ni na buga a jana'izarta, kuma ranar ce kaɗai na ji hannuna yana jiran numfashin da bai zo ba.

A lokacin na riga na yi aure, har da 'ya'ya biyu, damuwar Inna ta kau. Shekara biyu bayan haka aiki ya dawo da maigidana Zariya. Muka ɗora tsohon piyanona a bayan babbar mota, na bi shi da addu'a tun daga Legas. Ya iso lafiya, hunturu ne ya kusa kashe shi. Wayoyin piyano jan da suke yi ya kai tan goma sha wani abu, a manya ma ya kusa ashirin, kuma ƙusoshin da ke riƙe da su a cikin katako suke. Katakon da ya saba da laimar Legas, da iskar Disamba ta buga shi sai ya tsuke, ƙusoshi suka saki, sauti ya zube. Wata rana da dare na ji ƙara kamar an karya kara, allon bayansa ne ya tsage. Na koyi ajiye kwanon ruwa a cikinsa ta ƙasa, na rufe tagogin ɗakin da bargo. Mai saita piyano kuwa sai an yi wata da watanni kafin a samu wanda zai hau mota ya zo, don haka na sayi makullin saitin na koya da kaina.

Dawowata gida ce ta sa na fara rubuta kiɗa, kuma Baba ne sila. Ya daɗe yana cewa waƙoƙin littafinmu kalmominsu Hausa ne amma tafiyarsu ta Ingila ce. Masu mishan sun ɗauki karin waƙoƙinsu yadda yake suka zuba masa kalmominmu, alhali Hausa harshe ne mai hawa da sauka. Kuka na hawaye gaɓoɓinsa biyu a sama suke, kukar miya kuwa ta biyun ƙasa take faɗawa. Wuya ta wahala daga ƙasa take hawa, wuyan jiki daga sama yake sauka. Idan karin waƙa ya sauka a inda kalma ke son hawa, bakinka na faɗin abu ɗaya kunnen Bahaushe na jin wani. Mun saba ne kawai. Shi ya sa idan matan zumunta suka tashi da waƙoƙin da suka ƙirƙira da kansu, da tulu da kacau-kacau, majami'a takan ɗauka nan take, har da yara.

Tun a jami'a na san ra'ayin Akin Euba, ɗan Legas, wanda aka haifa a 1935 kamar Bankole. Ya yi karatun piyano a Landan, sannan ya yi digirin digirgir a Jami'ar Gana da ke Legon a kan dundun, gangar Yarabawa mai magana, daga baya ya koyar a Pittsburgh ta Amurka, ya rasu a 2020. Abin da ya yi ta faɗa shi ne, tunda piyano guduma ke dukan waya, ɗan'uwan ganga ne, kuma ɗan Afirka na iya sa shi ya yi magana irin ta gangunan gidansu. Da ina ɗaliba na rubuta wannan a jarrabawa na ci. Sai a Zariya na tuna cewa dundun da kalangu 'yan ɗaki ɗaya ne, duka masu siririn ƙugu da igiyoyin fata da ake matsewa a hammata.

Kalangu tun asali kiɗan mahauta ne, saboda haka wajensu na je neman malami. Aka haɗa ni da wani tsoho da ya gaji kiɗan kaka da kakanni. Da farko ya ɗauka biki zan yi. Da na roƙe shi ya zo gidana ya ga abin, ya zagaya piyanon sau biyu, ya ce, "Malama, wannan akwatin naki yana magana?" Na ce, "Shi nake so ka koya masa, Baba." Ya ce in sa shi ya gaishe shi.

Na zaɓi "sannu da zuwa". Gaɓa biyar ce: ƙasa, sama, ƙasa, sama, ƙasa. Na ɗauki maɓalli biyu, ɗaya na sama ɗaya na ƙasa, na buga. Ya karkata kai ya ce, "Bai ce komai ba." Na sake. Ya ce, "Ƙararrawa ce wannan." Sai ya saɓa kalangunsa ya buga, na ji gaisuwar ta fito sarai kamar da baki. Ya yi ta maimaitawa ina laluben maɓallai, mako bayan mako, duk Talata bayan la'asar. A hankali kunnena ya kama abin da na yi shekara talatin da wani abu ina yi da bakina ban sani ba. Maganar Bahaushe gangarowa take yi kamar mai sauka daga tudu. Saman da ke "zu" bai kai saman da ke "nu" ba, don ƙasan da ya shiga tsakaninsu ya ja shi. Maɓalli biyu ba za su isa ba, sai huɗu ko biyar. Ga kuma nauyin gaɓa: "san" da "wa" masu nauyi ne, ukun tsakiya marasa nauyi, irin ma'aunin da marubuta waƙoƙinmu ke bi. Abin da ya gagara shi ne zamiya. Shi yana matse igiya sauti ya zame daga sama zuwa ƙasa a bugu ɗaya, piyano kuwa in an buga an buga. Na koyi saka wani ɗan gajeren sauti a gaban babban, da sauri, don kunne ya ɗauka zamewa aka yi.

A wata na huɗu, ya shigo yana cire takalmi a bakin ƙofa, ban ce masa komai ba na buga. Bai ɗago kai ba ya ce, "Yauwa, sannu kadai." Sai ya tsaya da takalmi ɗaya a hannu, ya juyo yana kallon piyanon. Ya ce, "Allah mai iko. Malama, ya fara baki."

Daga nan na fara ɗaukar kalmomin Zabura da na tsofaffin waƙoƙinmu ina furta su da baki sau da yawa, in bar kalmomin su nuna mini inda karin zai bi, sannan in sa wa hannun hagu tafiyar kalangu. Zuwa yau na rubuta talatin da 'yan kai. Ba a buga su a littafi ba, a hannun ɗalibaina da wasu majami'u suke yawo a kwafe. Ranar da na koya wa matan zumunta ta farko, sau ɗaya na rera suka ɗauka, wata tsohuwa ta ce ai ta san waƙar nan tun tana yarinya. Alhali a daren da ya gabaci ranar na gama rubuta ta. Na gode wa Ubangiji a zuciyata, ban gyara mata ba.

Baba ya dawo hannuna a 2009, bayan rasuwar Inna. Zuciyarsa ta raunana, ƙafafunsa sun kumbura, daga ɗaki zuwa tsakar gida sai ya huta sau biyu. Magana ma a gutsure take fita. Wata yamma ina gwada ɗaya daga cikin waƙoƙin nan, kalmomin da ya shekara arba'in yana ja a kan karin Ingila, na ji sandarsa a bakin ƙofa. Jikansa ya kawo masa kujera ya zauna dab da ni, gwiwar nan a miƙe.

Ya ce, "Sake daga farko."

Na sake, sai ya kama. Muryar ta zama siririya, tana rawa. Numfashinsa ba ya kai shi ƙarshen layi, yakan tsaya bayan kalma uku, wani lokaci a tsakiyar kalma, a wuraren da ban rubuta hutu ba. Na daina kallon takarda. Idan ya tsaya sai in riƙe sautin da fedar piyano mai tsawaita sauti in jira, ina jin yadda iskar ke shiga ƙirjinsa da ƙyar, da 'yar ƙara a ciki, in ta cika sai mu taka tare. Baitin da ake gamawa a minti ɗaya ya ɗauke mu kusan uku.

Da muka kai ƙarshe na ɗora hannuwana a cinya, na ce ya isa haka, ya huta. Ya daɗe idonsa a rufe, ƙirjinsa na hawa da sauka. Sannan ya buɗe ido ya nuna takardar da haɓa.

"Akwai baiti na biyu, Uwata."

Na ba shi sautin farko, na jira ya ja numfashi.